Sarin 'Yar Hajiya

A Zongon Kwatano, in aka ce gobe ranar Indiya ce a bikin wance, ba a tambayar wa zai ɗaura wa amarya sari. Lantana ce. Ta daɗe tana wannan aiki har ta kai ga ɗaura wa 'ya'yan waɗanda ta ɗaura wa a da. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida. Kayan aikinta wani tsohon gwangwanin alewa ne cike da fil, sai yatsunta, sai bakinta da ba ya raga wa kowa.

Tun tana budurwa ta koya, lokacin da take aikatau a gidan wani Ba'indiye mai shagon yadi a cikin gari. Uwar mutumin, wata tsohuwa da kowa ke ce wa Madam, ciwon gwiwa ya hana ta sunkuyawa, sai ta mayar da Lantana mai gyara mata ninkin sari kowace safiya. Tsohuwar ba ta jin Faransanci, Lantana ba ta jin Indiyanci, don haka da hannu aka yi karatun. In ninki ya karkace a make mata yatsu, in ya tsaya a ba ta alewa. Kafin a gama cinye abin da ke cikin gwangwanin nan ta iya.

Sai dai ɗaurin Madam na mai zama a kujera ne tana ba da umarni. 'Yan matan Zongo kuwa rawa ce ta kawo su, ga kuma iyayensu mata zaune a gefe sun zuba ido. Dole Lantana ta ƙirƙiro nata. Akwai wanda take ce wa "Hajiya ta yarda", wanda jelar sarin, wato ƙarshensa mai ado, za ta zagaye ciki tukuna kafin ta hau kafaɗa ta rufe kai, yadda ko tsohuwar da ta fi kowa sa ido ba za ta hango cibiya ba. Akwai "Juya mu gani", wanda ake mayar da ninkin baya ya kwanta lumui, sai yarinya ta juya ya buɗe gaba ɗaya. Akwai kuma "Zem", sunan da ake kiran babur ɗin haya da shi a garin, na 'yan matan unguwar Ladji da za su hau babur su ratso ruwa da damina. Shi wannan tsakanin ƙafafu ake bi da shi ya zama kamar wando, in an iso wurin biki a zare fil guda ya sauko har idon sawu, ko ɗigon taɓo babu.

Aiki ne na kusa da jiki. Sai ta durƙusa gaban yarinya, ta ja mata igiyar fatari, wato siket ɗin ciki, ta soke ninki a ƙasan cibiya, tana yi tana faɗa: wannan ta cika cin tuwo, waccan ta tsaya kamar an dasa ta. Babu ƙugun da ba ta sani ba a Zongo. Sau da dama ta riga uwar yarinya sanin abin da ke cikin yarinya, ta kuma yi shiru da bakinta.

Ƙugu ɗaya ne ba ta taɓa aunawa ba, na 'yar da ta haifa.

Rukaiya 'yar fari ce, kuma Lantana 'yar gidan da ba a wasa da kunyar ɗan fari ce. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye yarinyar aka ɗauke ta aka kai wa Hajiya Zaituna, yayar mijinta Ƙasimu, wadda ke zaune a Avotrou can ƙetaren gada, Allah bai ba ta haihuwa ba. Bayan Rukaiya sai Lantana ta jero maza uku, haihuwa ta tsaya. Yarinyar ta tashi tana ce wa Hajiya Mama, tana ce wa Lantana Tanti. Ita kuwa Lantana in zance ya kama dole sai ta ce "'yar Hajiya" ko "yarinyar nan". Wata rana da Sallah an kawo ta gidan tana ƙarama, ta faɗi a tsakar gida gwiwa ta fashe. Lantana na zaune tana tsintar shinkafa, ba ta tashi ba, sai ta ƙwala wa maƙwabciya kira ta zo ta ɗaga ta. Matan unguwa sun yi ta yaba mata. Babu wanda ya lura cewa ranar da tsakuwa aka ci shinkafar.

Amma tana da abin da ta ɓoye. Da iyalan Madam za su bar ƙasar, Lantana ta je sallama da tsohon ciki. Tsohuwar ta buɗe akwati ta ciro wani sari na siliki, ja mai duhu, bakinsa da zaren zinare, a jelarsa dawisu biyu suna fuskantar juna. Ta ɗora mata a hannu, ta dafa cikin, ta dafa sarin. Wannan kam ba ya bukatar tafinta.

Tun ranar yake ƙasan akwatin Lantana da kanumfari a cikinsa. Iskar Kwatano mai gishiri ba ta barin tufa, don haka duk shekara sai ta fito da shi ta shanya a inuwa, ta sauya masa ninki don kada ya karye a wuri ɗaya. Amaren da suka roƙe ta aro ba su da iyaka, har da 'yar wani Alhaji mai manyan motoci, duk amsa ɗaya ta ba su, cewa yana da mai shi.

Lissafinta mai sauƙi ne. A ranar Indiya ta bikin 'yar Hajiya, ba za ta je a matsayin uwa ba, za ta je a matsayin mai sari. Wa zai ga laifin mai sana'a don ta taɓa wadda take wa aiki? Za ta durƙusa gabanta, ta zagaya hannu a ƙugunta, ta yi mata faɗa kamar kowa, ta ja aikin ya yi tsawo yadda ta ga dama. Har ɗauri ta tanada wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Za a maƙale bakin jelar a awarwaron hannun dama, in amarya ta ɗaga hannu cikin rawa sai dawisun biyu su buɗe a bayanta. Ta gwada shi da tsohon zanin gado a jikinta, ƙofa a rufe, ya fi a ƙirga. Wannan ɗaurin ba ta sa masa suna ba, don sunan da ya dace da shi ba ta iya faɗa.

Rukaiya ta gama karatun ungozoma, ta kawo wanda take so, wani Sirajuddeen da ke aiki a tashar jiragen ruwa, aka sa rana. Lantana ta fito da sarin, ta naɗe shi cikin sabon zani, ta sa a leda, ta miƙa wa Ƙasimu da zai je gaida yayarsa.

"A kai wa Hajiya," ta ce. "Na yarinyar nan ne."

Ya tambaye ta mene ne a ciki. Ta ce yadi ne, ta juya ta ci gaba da wanke-wanke. Ƙasimu direban babbar mota ne, in ba taya ko gas ba babu abin da yake dubawa sau biyu. Ya rataya leda a babur ya tafi.

Kalma ɗaya ce ta rage ta ƙara, ta ce sari ne, ita za ta zo ta ɗaura. To amma faɗin haka roƙo ne da baki buɗe, a gaban miji, a kan 'yar fari. Ta ce a ranta, wa zai ga sari a garin nan bai tuna da Lantana ba? Za su aiko.

Ta zauna jiran aike. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta kasa kunne. Wayarta da a da take mantawa a kan murhu, yanzu a ƙugu take soke ta. Da Hajiya Zaituna ta kira daga ƙarshe, murya cike da fara'a, godiya ta yi ta zubawa, wai ba ta taɓa ganin yadi mai kyau irin wannan ba, Allah ya saka, sai dai ta gani da idonta ranar. Sannan ta ce ƙawayen amarya sun yi ankon sari daga kasuwar Dantokpa, don Allah ta zo da wuri ta ɗaura musu. Tambaya ta zo wa Lantana har leɓe, ta haɗiye. Ta ce wa kanta ai magana ta fito, in ƙawaye za su sa sari, amarya me za ta sa?

Ranar ta zo. Ta yi sallar azahar, ta ware fil ɗin da suka fi kyau ta ƙulle a bakin gyale, ta ɗauki gwangwaninta ta hau zem ta ƙetare gada.

Ɗakin Hajiya ya cika da 'yan mata da ƙamshin turare da hayaniya. A kusurwa tsofaffin dangi sun baje a tabarma, shugabarsu Gwaggo Saoudatou, wadda ba a taɓa yin biki ko suna ta koma gida ba ta da labarin wadda ta yi abin kunya ba. Amarya na ɗakin ciki ana mata kwalliya. Lantana ta kama aiki. Ta yi wa Ni'ima "Juya mu gani", ta yi wa Hafsa "Hajiya ta yarda" saboda uwarta na wurin, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. 'Yan matan suka yi ta mamakin yau Tanti Lantana ba ta zagi kowa ba. Hannunta na kan ƙugunsu, idonta na kan labulen ɗakin ciki.

Tana durƙushe gaban ta ƙarshe, fil uku a bakinta, aka rangaɗa guɗa. Hajiya Zaituna ta ɗaga labule ta fito riƙe da hannun amarya.

Jan silikin ne, babu shakka. An yi riga mai dogon hannu da shi, an yi zani ɗinkakke mai matse ƙafa. Zaren zinaren da ya taho tun daga wannan baki har wancan ba tare da ya yanke ba, an datsa shi gunduwa-gunduwa an jera a wuya da bakin hannu. Wutsiyar dawisu ɗaya na kan kafaɗar hagu, kansa ba ta ga inda aka kai shi ba. Ɗayan ya tsira da ransa a kan ɗankwalin da amarya ke riƙe da shi a hannu, ba a ɗaura ba tukuna.

Hajiya kuwa sai washe baki take, tana ba ɗaki labari. Wai da ta auna ta ga yadi shida ne cif, daidai turmin atamfa, sai ta ce wannan riga da zani da ɗankwali ne Allah ya kawo. Ta kai wa Kamaludeen tela na Tokpa-Hoho da kanta, don ba ta yarda da na unguwa ba. Ya yi ta ƙorafin santsi, sai da ya sa masa shafi a ciki. Ta ce yadin da ya fito daga hannun Lantana bai kamata a nannaɗa shi kawai kamar na yaran nan ba, a yi rawar yini ɗaya a warware a jefa akwati. Gara a ɗinka, yarinya ta sa a suna, ta sa a Sallah, duk wanda ya gani ya tambaya a ce Tantinta ce ta ba ta. Ta juyo ta ce, ko ba haka ba Lantana?

Babu mugunta ko ƙwaya ɗaya a maganar Hajiya, abin da ya fi ciwo ke nan. Da da gangan ta yi, da Lantana ta samu wanda za ta tsana. Ta zare fil daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Muryarta ba ta yi rawa ba. Zuciyarta ce ta yi baƙi ƙirin, tana zagin jahilcin Hajiya, da sakarcin Ƙasimu, da almakashin Kamaludeen.

Aka ce motoci sun iso. Hajiya ta fita tsara wa zai shiga wace, 'yan mata suka rufe madubi suna ɗaukar hoto, tsofaffi suka koma gardamar wa aka fara ba abinci. Lantana na tsugune tana tsince fil a ƙasa, sai ta ga bakin jan zani ya tsaya a gabanta. Rukaiya ta zauna a bakin gado dab da ita, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi ƙasa da murya.

"Tanti, na san sari ne."

Lantana ba ta ɗago ba.

"Ni na buɗe ledar. Na shimfiɗa shi a gadon nan, na ga tsuntsayen. Na ce wa Mama a dakata da zancen tela. Na ce in dai nawa ne da gaske, za ki biyo shi. Ko ki kira ni, lambata na wurin Baba."

'Yan matan suka sheƙe da dariya a gaban madubi kan wani abu nasu. Rukaiya ta jira suka lafa.

"Ba ki zo ba. Da Mama ta sake tambaya, ni na ce a yanka."

Abin da Lantana ke son faɗa yana da yawa. Tana son ta ce ita ma jira take, ta ba ta labarin wayar da ke soke a ƙugu, da kanumfarin, da zanin gadon, da shinkafar da aka ci da tsakuwa. Amma bakin da ya saba da zagin 'ya'yan mutane bai san hanyar wannan magana ba. Abin da ya fito shi ne, "Ai da an aiko."

"Kowace yarinya a Zongo sai an aiko kike zuwa," in ji Rukaiya. "Na ɗauka ni ba sai an aiko ba."

Ba kuka take ba, ba kuma faɗa take ba. Ta daɗe da gama fushinta, saura kawai ta faɗa. Ta dubi ɗankwalin da ke cinyarta, ta shafa dawisun da ya rage, sannan ta miƙo shi da hannu biyu. Wannan karon ba ta rage murya ba.

"To ga wannan. Ki ɗaura min."

Tsofaffin da ke kan tabarma suka juyo. Lantana ta ga yadin a gaban idonta, ta ji ƙamshin kanumfarin akwatinta bai gama fita ba. Ta ga kan yarinyar a sunkuye, da sabon kitso, da wani ɗan tabo a bayan kunne da ba ta san da shi ba. Hannunta ya taso da kansa. Ta riga ta ga yadda za ta yi, ta kawo tsuntsun gefen dama, ta bar wutsiyar ta sauko kan kafaɗa.

"A'a, Lantana," in ji Gwaggo Saoudatou tana 'yar dariya, goro a kumatu. "Yau kuma a gabanmu za a zubar da kunyar?"

Wasa ne irin na tsofaffi. Da ta yi dariya ta ce aikinta take, da an yi shewa an wuce wurin. Wannan ce amsar da ta shekara da shekaru tana tanadi. Amma idanun nan duk suna kanta, kuma abin da ta saba yi tun yarinyar na goye ya riga ta motsi. Daidai lokacin Hajiya ta shigo tana cewa a yi sauri. Lantana ta mayar da hannunta kan murfin gwangwani, ta kau da kai.

"Ga uwarta nan," ta ce. "Ta ɗaura mata."

Rukaiya ta ɗan jima da hannu a miƙe. Sannan ta juya ta ba Hajiya, wadda ta ɗaura shi cikin gaggawa, irin ɗaurin zuwa kasuwa, dawisun ya shige cikin ƙulli.

A wurin bikin ƙawaye suka yi rawa har ƙasa. Ni'ima ta juya, ninki ya buɗe, mata suka yi guɗa, aka yi ta nuna Lantana ana cewa aikinta ne. Babu fil ɗin da ya zame, babu jelar da ta faɗi. Amarya na tsakiyarsu cikin matsattsen zani tana taku ƙanana, in ta ɗaga hannu babu abin da ke buɗewa a bayanta. Ta yi kyau duk da haka, kowa ya faɗa.

Gwaggo Saoudatou ta jawo kujera kusa da Lantana, ta kama ba matan teburin labarin abin da ya faru a ɗaki. Ta ce irin su Lantana sun ƙare a zamanin nan, 'yar cikinta ta miƙo mata ɗankwali a gaban jama'a, ko taɓawa ba ta yi ba. Matan suka jinjina kai, suka ce wannan ita ce tarbiyya. Lantana ta ce ta gode. Ba ta taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba, kuma ta san ita ta saye shi da hannunta.

Rana ta yi sanyi, ta tashi za ta nemi zem kafin gada ta cushe. Hanyar fita ta gaban kujerar amarya take. Ta rage tafiya ba tare da ta yi niyya ba. Rukaiya ta ɗago, ta dube ta, kallon da ake yi wa wanda ya zo aiki ya gama lafiya. Sannan ta taɓa Hafsa da ke gefenta.

"A zuba wa mai sari abinci," ta ce, "kafin ta tafi."